RA'AYINMU: Halin Garin Bauchi A Wajen Zaɓe, Mu Ina Muke A Ciki?

Tun da aka fara kaɗa gangar zaɓen 2027, akwai wata magana da take yawan dawowa a tarukanmu na wata-wata, da kuma a bakin rumfunanmu na kasuwar Muda Lawal da Wunti da Babbar Kasuwa. Maganar ita ce wai siyasar Bauchi ta 'yan Bauchi ce, mu da neman abinci ya kawo babu ruwanmu, namu shi ne mu buɗe shago da safe mu rufe da yamma, idan zaɓe ya matso kuma mu kwashi iyali mu tafi gida har ƙura ta lafa. Masu wannan magana ba yara ba ne. A cikinsu akwai dattawan da suka shekara 30 ko 40 a garin nan, suka haifi 'ya'ya a nan, suka aurar a nan, wasu ma iyayensu suna kwance a maƙabartun garin nan. Saboda girmansu ne muka ga bai dace a amsa masu a tsaitsaye ba, shi ya sa muka ware shafin wannan karo domin mu dubi yadda garin da muke zaune a cikinsa yake zaɓe, sannan mu auna ko wannan magana tana da amfani a gare mu.

Da farko dai ya kamata mai karatu ya sani cewa Bauchi ba yau ta fara gardamar siyasa ba. A wajajen 1943 da 1944, lokacin da yawancin garuruwan Arewa ba a ko iya ɗaga murya a gaban En'e, a garin nan wasu malamai da ma'aikata suka kafa majalisar taɗi inda ake zama ana tattauna yadda ake mulkin jama'a, har sai da hukuma ta ga abin ya fara yi mata zafi ta rufe ta. Cikin masu zama a wannan majalisa akwai Malam Sa'adu Zungur, da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da wani matashin malamin makarantar Midil mai suna Aminu. To shi wannan Malam Aminu, idan za a bi ma'aunin da ake auna mu da shi yau, baƙo ne a Bauchi, domin Bakano ne aikin koyarwa ya kawo shi. Babu wanda ya ce masa ya yi shiru saboda ba ɗan gari ba ne. Daga baya hanya ta rabu: Tafawa Ɓalewa ya zama jigo a NPC har ya zama Firayim Minista, Malam Aminu Kano ya jagoranci NEPU, Sa'adu Zungur kuwa ya tsaya a ɓangaren masu neman sauyi har ya rasu a 1958. Ka ga ke nan gari ɗaya ya reni masu riƙe da gwamnati da masu yi mata adawa, kuma wannan jini biyu har gobe yana gudana a jikin garin.

Bayan da marigayi Murtala ya ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976, an daɗe ana yi wa jihar kallon mai bin inda manya suka bi. A 1979 Alhaji Abubakar Tatari Ali ya zama gwamna a NPN, jam'iyyar Shagari. A jamhuriya ta uku Alhaji Dahiru Mohammed Deba ya hau a NRC, kuma a zaɓen 12 ga Yuni 1993 Bashir Tofa ne ya ci jihar. A 1999 Ahmadu Adamu Mu'azu ya hau a PDP, Obasanjo ma ya ci jihar. Wanda ya tsaya a nan zai ce lallai Bauchi ba ta da wahalar sha'ani, duk wanda ya riƙe manya ya riƙe ta.

Amma tun a 2003 aka fara ganin wani abu dabam. A wannan shekara mutanen jihar suka bai wa Janar Muhammadu Buhari na ANPP ƙuri'ar shugaban ƙasa, sannan aka bar Mu'azu na PDP a kan kujerarsa. Wannan shi ne abin da 'yan siyasa ke kira zaɓen shinkafa da wake, wato sama dabam ƙasa dabam, kuma tun daga lokacin ya zama abincin gida a Bauchi.

Shekarar 2007 ita ce wadda duk mai son fahimtar garin nan ya kamata ya tsaya a kanta. Mu'azu ya kammala shekara 8, kuma ko abokan hamayyarsa ba sa musun cewa ya shimfiɗa hanyoyi ya gyara makarantu. Amma da ya tashi sauka sai PDP ta tsayar da sakataren gwamnatinsa, Alhaji Nadada Umar, shi kuma ya nemi kujerar sanatan Bauchi ta Kudu. Malam Isa Yuguda, tsohon minista a gwamnatin Obasanjo, da ya ga an rufe masa ƙofa a PDP sai ya koma ANPP mai alamar masara. Waɗanda suke garin nan a lokacin ba za su manta ba. 'Yan acaɓa da 'yan kasuwa da matan aure da ɗalibai duk baki ya zo ɗaya, kuma a lokacin ne kalmar nan ta "a kasa, a tsare, a raka" ta cika gari: ka jefa ƙuri'arka, ka tsaya a ƙirga ta a gabanka, ka bi akwatin har inda ake tattara sakamako. Mutane sun kwana a waje suna gadin ƙuri'a. A shekarar da masu sa ido na gida da na waje suka ce zaɓen ƙasar ya lalace, har shi marigayi 'Yar'aduwa da kansa ya amsa cewa akwai kurakurai a zaɓen da ya kawo shi, a Bauchi jam'iyya mai mulki a jiha da tarayya ta faɗi. Yuguda ya zama gwamna, Mu'azu kuwa ya sha kaye a hannun wani tsohon ma'aikacin gwamnati da ba a san shi sosai ba a siyasa a lokacin, Bala Mohammed.

Abin da ya biyo baya ma darasi ne. A 2009 Yuguda ya koma PDP ɗin da jama'a suka kayar domin shi. Mataimakinsa Alhaji Garba Gadi ya ƙi bin sa, majalisar jiha ta tsige shi, kotu ta mayar da shi a 2010. Shi ma Bala Mohammed a 2010 ya zama ministan Abuja a gwamnatin Jonathan ta PDP. Wato cikin shekara 3 manyan da talakawa suka kwana a waje dominsu duk sun koma ƙarƙashin lema. Muna roƙon mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A 2011 aka sake cin shinkafa da wake, amma da ɗaci. Buhari, a wannan karo a CPC, ya samu ƙuri'a sama da miliyan 1.3 a jihar, Jonathan bai kai dubu 300 ba. Da aka bayyana cewa Jonathan ne ya ci a ƙasa baki ɗaya sai tarzoma ta ɓarke a jihohin Arewa da dama. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce sama da mutum 800 suka mutu a jihohi 12 cikin kwana 3. A Jihar Bauchi aka kashe matasa masu yi wa ƙasa hidima waɗanda aka turo aikin zaɓe, 'ya'yan mutane da ba su san hawa ba balle sauka. An ƙona dukiya, an sa dokar hana fita, aka ɗage zaɓen gwamna a Bauchi da Kaduna zuwa 28 ga Afrilu. A wannan zaɓe Yuguda ya koma kujerarsa a PDP, ya kayar da Yusuf Tuggar na CPC.

A 2015 guguwar Buhari ta share komai. Lokacin ne aka ce "sak", wato tsintsiya daga sama har ƙasa. Buhari ya samu sama da ƙuri'a dubu 900 a jihar, Jonathan bai kai dubu 90 ba. Lauya Mohammed Abdullahi Abubakar ya zama gwamna a APC. Shi kuma Yuguda, da ya gama shekara 8 ya nemi kujerar sanatan Bauchi ta Kudu kamar yadda Mu'azu ya yi, sai marigayi Malam Ali Wakili ya kayar da shi. Gwamnoni biyu a jere ke nan suka nemi wannan kujera daga gidan gwamnati, kuma dukansu aka hana su. A jihohi da yawa na ƙasar nan majalisar dattawa ta zama wurin hutun tsofaffin gwamnoni, amma mazaɓar da birnin Bauchi yake cikinta ta ƙi yarda da wannan al'ada har sau biyu.

Sai 2019, shekarar da ta fi shafar maganar da muke yi. A zaɓen shugaban ƙasa Buhari ya sake cin jihar da ƙuri'a kusan dubu 800, Atiku Abubakar ya samu dubu 209 da 'yan kai. Mako biyu kacal bayan haka, mutanen nan dai da suka zaɓi tsintsiya suka juya wa gwamnan tsintsiya baya. Ƙorafin ma'aikata da 'yan fansho kan tantancewa da albashi, da rigimar da ta raba manyan APC na jihar, har kakakin majalisar wakilai Yakubu Dogara ya koma PDP, duk sun taru a kan gwamna mai ci. Kuma ƙaramar hukumar Bauchi ce ta yi masa babbar illa, domin a nan Bala Mohammed, Ƙauran Bauchi, ya samu ratar da ta ɗaga shi sama. A zagayen farko na 9 ga Maris tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai ƙuri'a dubu 5 ba, INEC ta ce zaɓe bai kammalu ba, aka yi ta taƙaddama kan sakamakon ƙaramar hukumar Tafawa Ɓalewa, aka yi zaɓen cike giɓi ranar 23 ga Maris. A ƙarshe Bala Mohammed ya tashi da ƙuri'a 515,113, gwamna mai ci ya samu 500,625. Bambancin 14,488 ne, a jiha mai ƙananan hukumomi 20.

A wannan shekarar dai, mazaɓar Bauchi ta majalisar wakilai ba ta zaɓi lema ba, ba ta kuma zaɓi tsintsiya ba. Yakubu Shehu Abdullahi ta zaɓa a PRP mai alamar mabuɗi, jam'iyyar da Malam Aminu Kano ya kafa. Wato mutum ɗaya a Jahun ko Nasarawa zai iya dangwala wa jam'iyya uku dabam-dabam cikin mako biyu, kuma yana sane da abin da yake yi. Mu da muka koyi karatun boko da girmanmu a ajin yaƙi da jahilci mun san yadda masu digiri suke raina mai dangwale, amma mai dangwalen Bauchi ya iya bambance masara da lema da alƙalami da tsintsiya da mabuɗi, bai taɓa buƙatar a riƙe masa hannu ba.

A 2023, da babu Buhari a takara, kuma ana tsakiyar wahalar ƙarancin takardun naira, jihar ta koma wajen Atiku da ƙuri'a 426,607, Tinubu ya samu 316,694, Kwankwaso 72,103, Peter Obi 27,373. A zaɓen gwamna na 18 ga Maris Bala Mohammed ya koma da 525,280, tsohon hafsan sojan sama Sadique Baba Abubakar na APC ya samu 432,272. Amma kujerar sanatan Bauchi ta Kudu APC ce ta ɗauka. Shinkafa da wake dai.

To me wannan dogon tarihi yake nuna mana? A ganinmu garin Bauchi ba ya cikin aljihun kowace jam'iyya. Mutum yake bi, kuma idan ya gaji da mutum ba ya jin kunyar sauke shi. Abin da ya fi tsana shi ne a ce masa ga wanda za ka zaɓa. Ba mu ce kullum yana kayar da mai mulki ba, domin ya bar Mu'azu a 2003, jihar ta bar Yuguda a 2011, ta bar Ƙaura a 2023. Amma daga 1999 zuwa 2019 kujerar gwamna ta tashi daga PDP zuwa ANPP, daga PDP zuwa APC, daga APC ta koma PDP, kuma duk ta akwatin zaɓe. Akwai kuma wani abu da 'yan uwanmu na shiyyar Katagum suke yawan ƙorafi a kansa, cewa tun 1999 duk gwamnonin farar hula daga Bauchi ta Kudu suke fitowa. Dalilin a fili yake: nan ne jama'a suka fi yawa, kuma ƙaramar hukumar Bauchi ita ce babban rumbun ƙuri'a na jihar. A ƙidayar 2006 mutanenta sun kusa rabin miliyan, yau kuwa duk wanda ya bi hanyar Jos ko ta Dass ko ta Gombe ya ga yadda gari ya miƙe ya san an wuce nan nesa.

A cikin wannan rumbu muke zaune. Wasunmu kakanninsu fatauci ya kawo su tun garin yana cikin ganuwa. Wasu jirgin ƙasa ya kawo iyayensu bayan da layin dogo ya iso a 1961. Wasu aikin gwamnati bayan 1976, wasu kamfanin Steyr, wasu kwalejin fasaha ta tarayya da ke Gwallameji ko jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Akwai Kanawa da Katsinawa da Sakkwatawa da Barebari, akwai Yarabawa da Ibo da Nufawa da Tibi da Igala da mutanen Filato. Duk wanda ya zaga Yelwa da Gwallameji da Rafin Zurfi da Relwe da Bayan Gari da Fadaman Mada ya san cewa masu shekara 18 zuwa sama a cikinmu sun ninka 14,488 ba sau ɗaya ba. Amma ranar zaɓe ina muke? Wasu suna kan hanyar ƙauyensu. Wasu katinsu na can garin da suka baro tun shekara 20, ba su je can sun yi zaɓe ba, ba su kuma dawo da shi nan ba. Wasu sun yi rajista ne kawai domin su samu katin shaida na zuwa banki. A 2023 masu rajista a jihar sun haura miliyan 2.7, amma ƙuri'un manyan 'yan takarar shugaban ƙasa huɗu idan aka haɗa ba su kai dubu 850 ba. Cikin waɗanda suka zauna a gida rabonmu ba kaɗan ba ne.

Akwai waɗanda har yanzu suke zaton doka ce ta hana. Babu wannan doka. Tsarin mulkin 1999 a sashe na 41 ya bai wa kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya so a ƙasar, sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin da ya fito, sashe na 77 da na 117 kuma sun ce duk ɗan ƙasa mai shekara 18 da ke zaune a Nijeriya yana da haƙƙin a yi masa rajistar zaɓe. Dokar zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta fayyace cewa mutum zai iya rajista a inda yake zaune, ko inda yake aiki, ko inda ya fito, kuma zai iya neman a sauya masa rumfa idan ya tashi. Babu inda aka ce sai ka kawo takardar shaidar asali. Hatta sharuɗɗan tsayawa takarar gwamna da ke sashe na 177 babu maganar asalin jiha a cikinsu. Gaskiya ne wannan tsarin mulkin dai shi ne ya ambaci ɗan asali wajen naɗin ministoci a sashe na 147, kuma daga irin wannan ƙofa ce matsalar takardar asali take shigo mana wajen neman aiki da gurbin karatu da tallafin ɗalibai. Amma a gaban akwatin zaɓe, ƙuri'ar mai gyaran rediyo daga Ogbomosho da ta basarake ɗan cikin ganuwa nauyinsu ɗaya.

Maganar tsoro kuwa ba za mu raina ta ba. Wanda ya ga 1991, ya ga 2011, ko ya ji abin da zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa ya jawo a Nuwamban 2008, idan ya ce zai kai 'ya'yansa gida kafin zaɓe babu mai ce masa matsoraci. A cikinmu akwai waɗanda suka rasa shago, akwai waɗanda suka rasa abin da ya fi shago. Amma adalci ne mu tuna cewa a waɗancan ranaku akwai maƙwabta 'yan gari da suka buɗe ƙofofinsu suka ɓoye 'yan uwanmu. Adalci ne kuma mu lura cewa an yi zaɓen 2015 da na 2019 da na 2023, biyu daga cikinsu har da sauyin gwamnati a jiha, ba a maimaita abin da ya faru a 2011 ba. Sannan mu tambayi kanmu: gudun da muke yi ya ƙara mana tsaro? Ɗan siyasa yana da lissafi. Unguwar da ya san tana da ƙuri'a dubu 5 zai kai mata taransifoma, zai yashe mata magudanar ruwa, zai tabbatar an kai mata jami'an tsaro ranar zaɓe domin kada ƙuri'unsa su salwanta. Unguwar da ya san tana watsewa mako guda kafin zaɓe kuwa, ko sunanta ba zai riƙe ba. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Duk lokacin da muka cika tasha ana gobe zaɓe, mu da kanmu muke sa hannu cewa raɓar ce mu.

Yanzu bari mu juyo kan namu laifin na cikin gida, domin wannan ya fi ba mu haushi. Duk kakar zaɓe sai ka ji wasu sun kira 'yan jarida sun ce su ne shugabannin baƙi mazauna jiha, kuma wai dukkanmu mun amince za mu zaɓi wane. Yaushe aka tambaye mu? A wane taro? A karɓi buhunan shinkafa da atamfa da alƙawarin muƙamin mai ba da shawara, a raba tsakanin mutum biyar, sannan a shafa wa dubban mutane fentin jam'iyya ɗaya. A garin da ba ya sauya ra'ayi wataƙila wannan ciniki ya yi riba. A Bauchi kuwa hasara ce tsantsa. Wanda ya jingina al'ummarsa gaba ɗaya da PDP a 2007 ya wayi gari a hannun ANPP. Wanda ya rantse da ANPP ya ga gwamnan da kansa ya bar ta a 2009. Wanda ya ce tsintsiya har abada a 2015 ya sha mamaki a 2019. Su manyan suna sauya riga su ci gaba da cin abinci tare, mu kuma a bar mu da sunan cewa mutanen wane ne. Saboda haka muna sanar da kowa cewa wannan ƙungiya ba ta da ɗan takara, ba ta kuma wakilta kowa ya sayar da sunanta ba. A cikinmu akwai 'yan kowace jam'iyya, kuma haka muke so ya kasance. 'Yan gari ba sa zaɓe da baki ɗaya, babu dalilin da zai sa a ɗaure mu kamar damin gero.

Abin da ya kamata mu haɗu a kansa shi ne tambayoyin da za mu yi wa duk wanda ya zo neman ƙuri'a, ko daga wace jam'iyya yake. Yaron da aka haifa a Bauchi, ya yi firamare da sakandare a Bauchi, ubansa yana biyan haraji a Bauchi, mene ne matsayinsa idan ya zo neman gurbin karatu ko aikin jiha? Idan an sake gina kasuwa, da wane ma'auni za a raba rumfuna, kuma wanda ya shekara 25 a rumfarsa zai koma cikinta? Yawan rasit da ake yanka wa ƙaramin ɗan kasuwa fa? Ba sarauta muke nema ba, ba kuma mu zo raba kowa da gadon kakanninsa ba, mun san gidan da muka tarar kuma muna girmama shi. Mun kuma san a ƙasar nan an taɓa yin abin da ya fi wanda muke roƙo: a shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu da ƙuri'ar mutanen can, kuma Kano ta zaɓi Sabo Bakin Zuwo mai asalin Nufawa gwamna a 1983.

Kada kuma mu manta da ƙaramar hukuma, domin ita ce ta fi kusa da rumfarmu da kwatarmu, ita ce kuma take ba da takardar asalin da muke kuka a kanta. Mun san abin da mai karatu zai ce, cewa zaɓen ƙananan hukumomi wanda hukumar zaɓe ta jiha ke shiryawa jam'iyyar gwamna ce take cinye shi. Haka ne, a 2020 da 2024 PDP ce ta ɗauki kujerun shugabanni 20 gaba ɗaya, kamar yadda masu mulki suke yi a kusan kowace jiha ko da wace jam'iyya ce. Amma tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kujerar kansila da ta ciyaman sun ƙara daraja a ido, kuma wanda zai hau su ana fitar da shi ne tun daga taron jam'iyya na mazaɓa. Wanda yake da sha'awa a cikinmu ya yanki katin jam'iyyar da ta kwanta masa, ya riƙa halartar taron mazaɓarsa, a san fuskarsa tun kafin ranar rabo.

Wata magana a gefe ga iyaye. Sara-suka ba ta tambayar takardar asali. Mun ga 'ya'yanmu a cikin ayarin da ke bin motocin 'yan takara da makamai, kuma idan aka kama yaro ɗaya daga cikinmu sunan ƙabilarsa gaba ɗaya ake kira. Kowa ya san inda ɗansa yake kwana a wannan lokaci.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A zaɓen 2023 an rufe rajista tun ranar 31 ga Yuli 2022, kusan wata 7 kafin a jefa ƙuri'a, kuma da yawa daga cikinmu sai a watan Janairu suka fara tambayar inda ake yi. Haka kuma tun da INEC ta ƙara rumfunan zaɓe a 2021, akwai waɗanda aka mayar da sunansu sabuwar rumfa ba su sani ba, suka sha rana a layin da ba nasu ba suka koma gida da fushi. Saboda haka muna kira ga kowane magidanci ya duba katinsa da na matarsa da na 'ya'yansa da suka kai shekara 18, ya ga wace jiha da wace mazaɓa da wace rumfa aka rubuta. Wanda nasa yake wata jiha kuma ya san a nan yake kwana yake tashi, ya je ofishin INEC na ƙaramar hukuma ya tambayi halin da ake ciki game da sauya rumfa, kada ya sake yin wata sabuwar rajista domin rajista biyu laifi ne. Wanda ya yi rajista bai karɓi katin ba ya je ya karɓa da kansa, ba a aike. Dattawa da mata waɗanda karatu ko cike takarda yake yi wa wuya su zo da tsohon katinsu ranar taron wata mai zuwa, za mu ajiye tebur a bakin ƙofa da matasa biyu da za su duba masu sunansu da rumfarsu ta waya, kyauta.